Darasin Turanci a Gindin Darbejiya

Shekarar da aka tura ni gwajin koyarwa wata sakandare a Rano, kaina ya fi hulata girma. Ina jin Turanci, ko dai ina ganin ina ji. Sai ga jadawali ya kawo ni kan darasin bambancin "I like farming" da "I like to farm", kuma ranar Litinin da zan koyar da shi ce mai duba mu zai zo daga kwaleji. In na faɗi, sai na maimaita shekara.

Na duba littafi har idona ya yi ja. Littafin ya ce kusan duk ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne. To, wannan ai ba bayani ba ne, rainin hankali ne.

Ranar Asabar na tafi gida Rurum Tsohon Gari, na iske Baba a gindin darbejiya bayan la'asar yana ɗinke bangon wani littafin nahawu. Malami ne na allo da na ilimi, bai san ko bihim da Turanci ba. Ya ga fuskata a murtuke, ya tambaya. Na ce, "Baba, abin boko ne, ba za ka gane ba." Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Bai ɗago ba, ya ce, "Faɗa mini da Hausa."

Na yi ta lalube, na ce na farko kamar "ina son noma" ne, na biyu kuwa kamar "ina so in yi noma".

Ya yi dariya har zaren ya kuɓuce masa. "Au, wannan ne ya hana ka cin tuwo? Ai Larabawa ma suna da shi. Wanda ya ce yana son noma, ko a inuwa yake kwance bai yi ƙarya ba, abin ne yake masa daɗi. Wanda ya ce yana so ya yi noma kuwa, miƙa masa fartanya, ya zaɓi aikin ke nan."

Ba daidai wa daida yake da Turancin ba, na gane haka daga baya. Amma ƙofar ta buɗe.

Ranar Litinin na ari fartanyar maigadi na shiga aji da ita. Yara suka yi ta shewa, kowa na kawo misalinsa, har wata 'yar Unguwar Gai ta ce tana son girki amma ba ta so ta yi.

Na ci gwajin. Da muka fito, mai dubawar ya tambaye ni littafin da na samo wannan dabara. Na ce mahaifina ne ya koya mini.

"A wace jami'a yake koyarwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko sunansa ba ya rubutawa da boko." Ban taɓa alfahari da wata magana kamar wannan ba. Allah Ya saka wa Baba da Aljanna.