Ranar da Mai Fensir Ya Sayi Biro

Mai Fensir ake ce masa a asibitin, har shi kansa ya daina waiwayawa idan an kira sunansa na yanka. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin sanyi na ƙasan bene, inda saba, babbar na'urar da ke riƙe bayanan asibiti, ke gurnani ba hutu, da fensir maƙale a kunne da rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu. Ubansa tela ne, kuma abin da ya gada daga shagon guda ne: ba ya sa almakashi sai ya ja alli. Kafin ya yanka faifan ajiyar bayanai kashi-kashi, sai ya zana shi a takarda. Nan bayanan marasa lafiya, nan kundin abin da ya shiga da wanda ya fita, can nesa a wani faifai daban kwafin ajiya. Ya goge, ya sake ja, ya bar takardar ta kwana, sannan ya taɓa na'ura.

Akwai wata magana da yake nanatawa har abokan aiki suka ƙosa. Akwatin faifan nan da waya huɗu aka haɗa shi da saba, don in ɗaya ta mutu sauran su riƙe. To ita saba ba ta da wayo. Faifai ɗaya take gani ta hanya huɗu, sai ta raɗa masa suna huɗu, kamar mai gadin da ya hango mutum ta taga huɗu ya ce baƙi huɗu sun iso. Gajerun sunayen nan ba abin amincewa ba ne. Abin amincewa wata doguwar lamba ce da kowane faifai yake da tasa shi kaɗai.

"Ku duba doguwar lamba," yake cewa. "Ko kuna sauri, ku duba ta."

Wanda ya fi kowa yi masa dariya shi ne Dogo. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, sun yi shekara biyu a ɗakin haya guda, katifa ɗaya, bokiti ɗaya. Dogo yana da baki. In ya tashi a taro, ko bai san abu ba sai ka rantse shi ya ƙera shi.

Wata Talata da azahar Mai Fensir ya fita ɗauko 'yarsa daga makaranta, ya bar kwamfutarsa a buɗe, don ai Dogo ne kawai a ɗakin. Dogo yana neman wurin zuba wani aiki, ya ga wani gajeren suna kamar ba mai shi, ya yanka shi. Ashe hanya ta uku ce zuwa faifan da ke ɗauke da sakamakon gwaje-gwaje. Aikin kwana biyu ya tafi. Da kwamiti ya zauna, na'ura ta nuna da sunan Mai Fensir aka yi yankan, Dogo kuma ya gyara zama ya ce shi kam ya daɗe yana tsoron wannan tsari na zane-zane. Aka sa wa Mai Fensir takardar sakaci a fayil, aka hau da shi sama gyaran firinta. Dogo ya zama shugaban sashe.

Cikin mutum ɗari huɗu da aka sake ɗibar jininsu har da surukarsa. Tsohuwa ce mai tsoron allura, kuma ba ta manta ba. Duk zuwanta gidan sai ta shafa hannu ta ce da 'yarta, da ƙarfi yadda zai ji daga tsakar gida, "Mijin naki dai lafiya? Bai sake goge komai ba ko?"

Kada wani ya ce muku ya yafe. Bai yafe ba, bai ma yi ƙoƙari ba. Kullum da safe sai ya rusuna wa Dogo a bakin bene ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" da murya mai zaƙi. Shekara uku yana cire takardun da suka maƙale, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, yana jira. Ba kujerar yake so ba. Kalmar nan ta sakaci yake so a cire daga sunansa, kuma da hannun wanda ya sa ta.

Sai asibiti ya sayi sabuwar saba. Wata safiya firintar ofishin Dogo ta shaƙe, aka kira mai gyara. Yana durƙushe ya zaro takardar da ta cukuikuye, ya miƙe ta a gwiwa, ya ga tsarin rabon faifai ne. Dogo ya jera faifai takwas. Bayanan marasa lafiya a na ɗaya, kwafin ajiya a na biyar. A shafi na ƙarshe akwai jerin da na'ura ta fitar, wanda Dogo ya liƙa don ado bai karanta ba. Mai Fensir ya bi dogayen lambobin da baƙin yatsansa. Faifai biyu ne kacal, kowanne da hanya huɗu, kuma na ɗaya da na biyar abu guda ne. Dogo ya yi ƙaryar har ya yarda da ita, bai taɓa tambayar kansa me ya faru a waccan Talatar ba.

Daɗi ya kama shi, ya ajiye takardar ya miƙe.

A gida ya gaya wa matarsa. Ta ajiye kayan da take ninkewa.

"Baban yara, in ka yi shiru abin ya fashe, Inna za a sake tsira wa allura. Wannan karon kuma da saninka."

"Wa ya ce zan yi shiru?"

"To je ka raɗa masa gobe."

"Raɗa? Shi da ya kashe ni raɗa ya yi?"

Kwana tara ya haɗiye maganar, har ranar da za a amince da tsarin, kwana ɗaya kafin a kwashe bayanai zuwa sabuwar saba. A hanyarsa ta zuwa aiki ya tsaya wani kanti ya sayi biro, irin wanda bai taɓa sawa a aljihu ba.

Mai Fensir aka sa ya raba kwafin tsarin a ɗakin taro. Dogo ya yi bayani minti ashirin, hannu yana yawo a sama. Shugabar asibitin, likita ce mai gilashi a ƙarshen hanci, ta ce ko akwai tambaya. Daga bakin ƙofa Mai Fensir ya ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, ni mai firinta ne, idona ya gaji. Ko shugabana zai taimaka ya karanta mana doguwar lambar faifai na ɗaya?"

Dogo ya yi murmushi ya karanta, harafi bayan harafi.

"Allah ya saka. Sai ta na biyar."

Ya fara da ƙarfi. Wajen tsakiya murya ta ragu. Likitar tana bin shafin da yatsa, ita ta ƙarasa masa sauran.

"Lamba ɗaya ce," ta ce. "Me hakan ke nufi?"

"Faifai ɗaya ne, ranki ya daɗe. Gobe da an yanka na biyar, kan bayanan marasa lafiya za a yanka." Ya zaro wata tsohuwar takarda da ta yi laushi don ninkewa, zanensa na da, ya shimfiɗa a gabanta. "Irin abin da aka yi shekara uku da suka wuce, lokacin ina ƙofar makarantar 'yata."

Likitar ta dubi takardar, ta dubi Dogo ta saman gilashi. "Kai ne?"

Dogo ya ce, "Na ɗauka ba komai a kansa."

"Rubuta haka, yanzu, ka sa hannu. Zan sa a fayil ɗinsa a madadin waccan."

Dogo ya lalube aljihu, babu abin rubutu. Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Haba ɗan'uwa. Katifa ɗaya fa muka kwana." Ya miƙa hannu wajen fensirin da ke kunnen Mai Fensir.

Mai Fensir ya kauda kai. Ya zaro sabon biron, ya cire murfin da kansa, ya ɗora masa a tafin hannu.

"Fensir yana gogewa, ranka ya daɗe. Yi da wannan."

Ya tsaya a kansa har ya kai aya ta ƙarshe, sannan ya nemi a ba shi kwafi ɗaya. Akwai wata tsohuwa a gida da yake so a karanta wa.