Shirun Gunki

Ɗana na biyu ba ya iya magana in yana aiki, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Tun yana ƙarami, in ya sa abu a gaba sai bakinsa ya mutu, shi ya sa 'yan uwansa suke ce masa Gunki. Ni ma da laifina: duk wanda ya yi motsi kusa da teburinsa sai ya sha faɗa.

Shekara goma sha ɗaya yana rubuta manhajar kwamfuta, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Da kamfanin da yake wa aiki ya rufe, sai ya tarar da sabon salon ɗaukar ma'aikata: a ba ka matsala da minti arba'in, ana kallon allonka daga nesa, kana rubutu kana faɗin abin da ke ranka. Wa ya taɓa ce wa tela ya riƙa ba da labari yana yanka yadi?

Sai ya sa ni cikin shirin. Kullum da hantsi in zauna a bakin gadonsa, ya saita agogon waya, in riƙa tsikararsa. Ban san komai a ciki ba, amma na iya tambaya. In ya yi shiru, in ce ko harshen ya haɗiye ne, sai ya yi dariya ya hau bayani. Wata biyu muna haka.

Ranar ganawar neman aikin na kora jikoki waje, na kashe fanka, na tsare ƙofa kamar mai gadi. Masu tambayar kuma suka rufe kyamararsu, ba wanda ya ce uffan. Ya warware matsalar daidai, saura minti goma, bai buɗe baki ba.

Bayan kwana uku saƙo ya zo, ba a ɗauke shi ba: amsa ta yi, amma ba su ji yadda yake tunani ba. Bakinsu ciwo yake da ba za su tambaya ba? Manya da su, sun yi gum kamar masu zaman makoki, sannan su ɗora wa wani laifin shiru.

Akwai wata ganawar mako mai zuwa, ga yara uku suna kallon hannunsa. Jiya ya tara mu a falo, ni da matarsa da yaran.

"Inna, a daina yi mini shiru," in ji shi. "Duk wanda ya wuce ƙofata ya leƙo ya ce, me kake yi? Kada ya tafi sai na ba shi amsa."