Gidan da na saya a Romaniya da sunan wani

Ƙanina ya karɓi kuɗin gwal ɗina ya saya mini gida a Romaniya, ya sa aka rubuta shi da sunan mutumin da ban taɓa gani ba. Shekara biyu shi da ɗana suna ɓoye mini. Na yafe musu, amma ban ce sun yi daidai ba, kuma ba zan ce ba.

Shekarun baya ne, muna haya a unguwar Ƙuba ta Madina. Da iƙama, takardar zaman baƙo, nake zaune, don haka shekara talatin a Madina ban isa a rubuta ko ɗaki ɗaya da sunana ba. Kowa ya san yadda mutanenmu ke yi: ka tara kuɗinka, ka nemi ɗan'uwa mai jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, a rubuta gidan da sunansa, a shafa fatiha. Amana ke nan. Ni kuwa da idona na ga maƙwabciyata a titi da tukwanenta, bayan mai sunan ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su san zancen ba. Tun ranar na ce ba da ni ba.

Da ɗana ya tafi karatun likita a Romaniya, ya ce mini can gida da araha, kuma baƙo na iya saye. Na kwashe awarwaron da na tara da ɗinki na sayar. Ƙanina mai shagon kayan mota ne a unguwar Sultana, ya saba da jirgi. Na dangwala masa yatsa a takardar wakala don ya wakilce ni, ya tafi. Sharaɗina ɗaya: sunana.

A shekarar na shiga makarantar manya, ni da furfurata, ina riƙe fensir kamar muciya. Larabci ake koya mana, amma na matsa wa malamarmu ta nuna mini sunana da boko, yadda yake a fasfo. Da allin ɗinki nake kwaikwayonsa a kan ragowar yadi. Ban gaya wa kowa dalili ba. So nake in gan shi a takardar gida in gane shi da kaina.

Da ɗana ya zo hutu, ranar wata Juma'a bayan mun ci abinci, ƙanina na nan, na ce a ba ni takardun in ajiye a akwatina. Suka kalli juna. Aka dai kawo. Na bi layi-layi da yatsa, shafi huɗu. Na sake bi.

"Ina sunana?"

Ɗana ya ce da Larabci, "Yumma, halas, ba'adain."

"Yi mini Hausa. Da Hausa na goya ka."

Ƙanina ya ajiye kofin shayi. "Yaya, gidan da fili yake, har da bishiyar tuffa. Dokarsu ta hana baƙo mallakar ƙasa. Sai muka yi yadda ake yi."

"Ake yi a ina?"

"A nan mana. Mutumin kirki ne, Musulmi, tun da ya zo umara na san shi. Mun shafa fatiha."

"Fatiha ta ƙare a Ƙuba ne da zan tsallaka teku nemanta? In ya mutu, 'ya'yansa da wane yare zan yi musu kuka?"

Na juya kan ɗana, na ce ba kai ka ce baƙo na iya saye ba? Ya sunkuyar da kai. Ashe da a ce ɗaki aka saya a bene, wanda ba shi da fili, da sunana za a rubuta. Ƙanina ne ya ga mai fili ya fi riba.

"Me ya hana ku gaya mini?"

Yaron bai iya ƙarya ba. "Kawu ya ce ai ba karantawa za ki yi ba."

Wannan ce ta ƙona ni, har yau.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin bai ci amana ba. Da aka je masa da maganar, ya sa hannu aka sayar, ko shayi bai nema ba, Allah Ya saka masa. Aka saya mini ɗaki biyu a hawa na huɗu, ba tuffa, ba komai, sai sunana. Ƙanina kan ce, "Kin gani? Da ma ba abin da zai faru." Ni kuma in ce sa'a muka yi, kuma ban sayar da gwal ɗina don in sayi sa'a ba. Ba cutata ya yi niyya ba, na sani. Ya dai ga wadda ke dangwala yatsa ba sai an shawarce ta ba.

Washegarin waccan Juma'ar da safe na yafa abayata, na hau mota ni kaɗai zuwa ofishin da aka rubuta wakalar, na ce a soke ta. Ma'aikacin ya turo mini tawadar dangwale. Na mayar masa da ita, na ce, "Ba ni biro."