Tabon Gadu a Bindigar Ɗanmaraya

Rabin fartanyun Burumburum daga maƙerar Mas'ud suka fito, amma ba da fartanya ya yi suna ba. Abin da aka san shi da shi gyaran jikin bindiga ne. Maharba daga Kiru da Ɗansoshiya har Doguwa sukan ɗauro bindigogin toka a bayan babur, tsatsa ta cinye su, su dire masa su yi gaba abinsu. Ba ya ƙera sabuwa, ba ya taɓa kunamar harbi. Shi dai bututun ne nasa. Zai jiƙa shi da kananzir kwana biyu, ya kankare tsatsar, ya bi kowane rami da kowane karce da magagari, a tsawon ƙarfen ba a gicciye ba. Daga nan sai samfefa mai kaushi, sai mai laushi, kafin ya ɗumama ƙarfen ya shafe shi da mai har ya yi baƙi sumul. An sha ba shi shawarar sayen injin gurza, yakan ce injin ba shi da babban yatsa. Shi kuwa da yatsan yake duba aikinsa, ya rufe ido ya shafa bututun daga gindi zuwa baki, in ya ji ko ɗan tudu, aiki ya koma baya.

Mutum ne mai barkwanci, ga son shayi, ga taurin kai a kan abu ɗaya: ƙarfe ba ya barin hannunsa da tabo. Duk garin an yarda da haka. Shi kaɗai ya san akwai bindiga guda da ke ƙaryata shi.

Yana ɗan shekara ashirin ciwo ya kwantar da mahaifinsa, maƙera ta dawo wuyansa. Aikin farko da aka kawo masa bindigar Ɗanmaraya ce, wani maharbi da ya girme shi da kusan shekara goma, mai bakin da ba ya gajiya. Mas'ud na ƙoƙarin cire wani zoben ƙarfe da ya kama bututun, kurfin da yake sara da shi ya zame ya yi wa ƙarfen wani dogon tabo, kamar tsawon ɗan yatsa. Ya gwada gogewa, abin ya fi ƙarfin hannunsa na lokacin. Tsoro ya sa ya cika wurin da baƙin tukunya da mai, ya miƙa wa mai ita bai ce komai ba.

Ba a yi mako ba ya ji labari a kasuwa. Wai Ɗanmaraya ya yi arangama da wani ƙaton gadu a dajin Doguwa, ya tare shi da bindiga, haure ya karce ƙarfen. Mas'ud ya ce a ransa, lallai mutumin nan bai lura da wuri ba, da ya ga tabon sai bakinsa ya nemo masa dalili. Ya yi hamdala ya ja bakinsa ya yi shiru. Shekara arba'in gadun nan yana girma. Da farko ya kai tunkiya, daga baya ya kai maraƙi, a 'yan shekarun nan har ya fara tunkarar girman bijimi. Duk lokacin da aka yi dariya Mas'ud ma yakan yi, amma kunya takan kama shi, don ya san ya ci amanar mutumin da ya zama amininsa.

Bana aka tsayar da Ɗanmaraya zai zama Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankin. Saura kwana takwas naɗi, sai ga matarsa Kande a ƙofar maƙera, da bindigar naɗe a buhu. Bayan sun gaisa, ta ce maigidan ya yarda a wanke ta saboda taro, sannan ta rage murya ta ƙara nata.

"Har tabon nan ka goge mini shi, Mas'udu. Na aurar da 'ya'ya biyar gadun nan bai mutu ba. Na gaji."

Mas'ud ya yi dariya har da tari. Ga dama ta zo har gida, da izinin uwargida kuma. Yanzu hannunsa ya ƙware, yini ɗaya ya ishe shi ya shafe tabon, abin kunyarsa ya bi ƙurar magagari, babu wanda zai taɓa sani.

Ya fara daga gindin bututun, yana aiki yana ɗan waƙe-waƙensa. Ramukan tsatsa suka tafi, karce-karcen ƙaya suka tafi. A rana ta huɗu ƙarfen ya yi fari tas, saura tabon kaɗai. Ya ɗora magagari a kai, ya ɗauke. Ya sha shayi, ya sake ɗorawa, ya sake ɗaukewa. Abin da ya tsaya masa shi ne, ya ɓata kayan mutum a ɓoye tun yana saurayi, in kuwa ya goge, ga shi da furfura zai sake yi masa wani ɓoyon. Ya ajiye kayan aiki, ya ɗauki waya ya ce wa Ɗanmaraya ya leƙo bayan la'asar.

Tsohon ya zo, ya zauna a kan kututturen da ya saba zama, ya juya bututun yana yaba hasken. Mas'ud ya yi gyaran murya ya fi sau uku kafin ya faɗa masa komai: zoben, kurfin, baƙin tukunyar. Ya ce ba gadu ba ne, shi ne, kuma yana neman gafara.

Ɗanmaraya ya dube shi, sai ya kama dariya har hularsa ta karkace. Ya ce baƙin tukunyar tun a hanya ya goge a rigarsa, Kande ma ta yi masa faɗan wanki a ranar.

"To, Yaya, me ya hana ka dawo mini da ita?"

"In dawo in ce me? Mahaifinka na kwance, ƙannenka shida, kai ne maƙerar. Da na ɗaga bindigar nan a kasuwa na ce aikin ɗan gidan ne, ko lauje wa zai sake kawo maka? Mutane kuwa sai sun tambayi tabon. Sai na ba su gadu."

Duk tsawon shekarun nan Mas'ud yana ganin shi ne yake rufa wa mai cika baki asiri. Idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora laifin a kan hayaƙin gawayi, alhali wutar ta mutu tun azahar.

Daga nan ya tambaya ko a goge tabon, tunda Yaya Kande ta ba da umarni. Ɗanmaraya ya karɓi bututun ya rungume.

"Kande ta yi haƙuri. Ka baƙanta sauran, ka bar mini gaduna."

Haka aka yi. Ranar naɗi bindigar ta fito baƙa wuluk tana sheƙi, tabon na nan a wurinsa, har ya fi fitowa fili. Da baƙi daga Tudun Wada suka tambaya, sabon Sarkin Baka ya gyara rawani ya soma labari, Kande na daga cikin mata tana girgiza kai. Da ya zo kan girman dabbar sai ya waiwayo ya ce ga maƙeri nan, shi ya ga ɓarnar da idonsa, a tambaye shi.

Mas'ud ya miƙe a gaban jama'a. Ya ce girman gadun dai bai auna ba, amma ya shaida shekara arba'in ke nan shi kansa yana cin abinci albarkacinsa.