Ayarin da Tanko Bai Cim Ma Ba

Kaka Adisa tana kwance a Salaga, ni kuwa ina Bawku ina faɗa da kwamfuta. Kullum na kira Kawu Issifu a Yendi, amsa ɗaya ce, wai da sauƙi. Sai in ce bari in gama aikin da ke gabana tukun.

A tsakar gidanmu na Salaga ake gasa doya bayan magariba, kuma a bakin wannan wutar Kaka take ba mu tatsuniya. Ba ta jiran a roƙe ta. Da ta ƙwanƙwasa murhu da itace ta ce, "To, ga ta nan ta taso daga Gwanja," kowa ya nemi wurin zama. Ni take kira maigidanta don tsokana, ni kuma take ba ƙonannen gefen doya, wai miji ba ya ƙorafi.

Akwai tatsuniya ɗaya da take ba ni haushi har yau. Wani farke ne, Tanko, barci ya sace shi a zango, ayarin goro ya tashi ya bar shi. Ya bi hanya, ya gamu da masu dawowa, suka ce sun bar ayari a gindin rimi. Ya ruga gindin rimi, toka kawai ya tarar, da sauran ɗumi. Wasu suka ce a bakin rafi suka gan su. Ya je bakin rafi, sai sawun jakuna. Babu wanda ya yi masa ƙarya, kowa abin da ya gani ya faɗa. Daga nan sai Kaka ta kakkaɓe zane ta miƙe. Mu yi ta magiya ta faɗa mana ko ya cim musu, ta ce, "Yana hanya." Na sha kwana da fushi saboda wannan mutumin.

Yanzu ina koyar da lissafi, kuma na shiga wani kwas ta intanet kan kumbon da ake aikawa ya ɗauki hotunan duniyoyi. Darasin da ya tsaya mini shi ne in rubuta manhajar da za ta lissafa inda kumbo zai hango duniyar Mars a wani lokaci, da gefenta da rana ke haskawa. Amsata ta ƙi daidai da ta malamin. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma ya ƙi tafiya. Na sauya ma'aunin lokaci, na sake duba kusurwa, aka ɗauke wuta, aka kawo, intanet ta yanke. Na zagi kwamfutar nan kamar ta ci mini gado.

Ashe abu ɗaya na bari. Haske ma tafiya yake yi, yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Ni na lissafa inda Mars take, alhali kyamarar kumbo tana ganin inda take ne sa'ad da hasken ya baro ta. Na gyara layi guda, amsa ta zauna.

Ban ji daɗi ba ko kaɗan, labarin Kaka da nake ji daga nesa ne ya faɗo mini a rai. Na kira Kawu na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin Kaka da idonsa. Ya ce tun Sallah. Labarin da yake ba ni daga bakin wata mai doya ta Salaga yake ji, in ta zo kasuwar Yendi. Ita ma a gidanmu aka ce mata da sauƙi, domin a wurinmu ko mutum yana kan gargara haka ake cewa.

Washegari na bar sauran darussan na shiga mota. Duk hanya, daga Bawku har Salaga, gindin rimi nake gani da toka.

Na same ta ta ƙanƙance kamar yarinya, magana sai an kai kunne. Na durƙusa na ce ni ne, maigidanta. Ta daɗe tana shafa fuskata. Na ce, "Kaka, don Allah, Tanko ya cim ma ayarin?"

Ta ce, "Da ya daina tambayar mutane, da ya cim musu."

Kwana kaɗan bayan nan muka binne ta. Na yi shekaru ina zaton ta hana mu ƙarshen labarin ne don mu dawo gobe. Yanzu ko wa ya ce mini da sauƙi, sai na tambaye shi yaushe ya gani.