Kafaɗun Fure

Duk ranar da aka zauna rubuta tarihin matan da suka ba aikin soja rayuwarsu a ƙasar Kontagora, sunan Fure Baƙo ne ya kamata ya zo a farko. Babu wadda ta kai ta shiri, babu wadda ta kai ta biyayya, kuma ta fi shekara ashirin ba ta yi nisa da bariki ba. Abu ɗaya ne zai ɗan ba marubucin wahala: Fure ba ta taɓa sa kaki ba.

'Yar Dukku ce, can ƙasar Rijau, inda matan gidansu ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ko itace ne, ko tulu, ko ƙwaryar dawa. Fure ta tashi tana ɗauka da kafaɗar dama kamar uwarta. Lokacin da ta gama sakandare a Kontagora, a gidan kawunta Irmiya magini, tana iya saɓa buhun masara ta tafi da shi tana hira.

A shekarar ne rediyo ya sanar cewa gwamnati ta ƙara wa mata gurbi a aikin soja, ana son 'yan mata su fito. Fure ta ɗauka da ita ake. Ta fara gudun safe a hanyar Rijau, ta haɗa takardunta, ta aske kitsonta ba tare da kowa ya ce ta aske ba.

Ranar tantancewa mata suka fito fiye da yadda aka zata. Layi ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan wata bishiyar mangwaro. Rana ta take, ga wani kofur yana bin layin da 'yar sanda a hannu, yana duban mutane kamar mai zaɓen rake. Da ya iso kanta ya tsaya.

"Ke, mai aski. Tsaya sosai."

"A tsaye nake, Oga."

"Wannan ce tsayuwa? Kafaɗa ɗaya tana Kontagora, ɗaya tana Zugurma. Fita layi."

Fure ta fita. Ta ga waɗansu da aka fitar tare da ita sun zagaya ta bayan mangwaron sun sake shiga layi daga ƙarshe, har ta ji tausayinsu. A ganinta, wadda ta fara aikin soja da saɓa umarni ba za ta yi nisa ba.

Da ta koma gida ta faɗa wa kawunta, bai yi dogon jaje ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko ma'aunin gininsa, wannan katakon mai 'yar kwalba a tsakiya da kumfa a ciki, ya ɗora mata a bayan wuya. Kumfar ta gudu hagu ta maƙale.

"Sojan nan ya san aikinsa," in ji Kawu Irmiya. "Da bango ne ke, da tuni na rushe na sake. Amma tunda mutum ce, sai gyara."

"Yaya za a gyara, Kawu?"

"Kaya ne ya danne ta dama. Daga yau ki mayar da shi hagu, har su haɗu."

Haka Fure ta shiga sana'ar kai ruwa gidaje, ba don riba ba, don magani. Da farko kafaɗar hagu ta kumbura, ta saluɓe, ruwa yana zubar mata a jiki, yaran unguwa suna tambayarta ko wanka take sayarwa. Daga baya fatar ta yi kanta. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, Kawu yakan tsayar da ita a tsakar gida ya ɗora katakonsa, ya rufe ido ɗaya, ya ce akwai ci gaba.

Shekara ta zagayo, aka sake buɗe ɗaukar sojoji. Kumfar ta matso, amma ba ta kai tsakiya ba.

"Kawu, ko in je haka? Da riga ba a gani sosai."

"Ki je su sake fitar da ke a gaban jama'a? 'Yar nan, ni ban taɓa miƙa wa mutum gini a karkace ba. Ba da ke zan fara ba."

Ta zauna. Shekara ta gaba ma ta zauna, don saura ƙiris. Akwai ma lokacin da gyaran ya zarce, kumfar ta leƙa dama, sai da aka mayar da kayan tsohuwar kafaɗa na ɗan lokaci. Babu wanda zai ce an yi aikin nan da ganganci.

A ƙarshe, wata Lahadi bayan Ista, kumfar ta zauna daram tsakanin layukan nan biyu. Kawu ya kira maƙwabta suka gani da idonsu, ya yanka zakara. Da lokaci ya yi Fure ta tafi filin tantancewa, ta bi layi har gaban tebur. Matar da ke zaune a wurin ta karɓi takardar haihuwarta, ta duba, ta miƙo mata.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Shekarunki sun wuce."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, balle ta ga kafaɗun.

Fure ba ta koma Dukku ba. Ta kama ɗaki kusa da kasuwar bariki, ta auri Joshua mai facin taya, suka haifi 'ya'ya biyu, Hannah ce babba. Sana'ar da ta shiga don magani ta zama sana'a kawai. Gyare-gyaren da ake yi wa mata sojoji kuwa, babu wanda labarinsa ya wuce ta. Da aka ce an kyautata hutun haihuwa, ta ce madalla. Da aka ce an fara ɗinka kaki daidai jikin mace, ta ce dama ya kamata. Takan faɗi waɗannan abubuwa da "an yi mana", Joshua kuma ya daina gyara mata. Da aka buɗe gidan renon 'ya'yan mata sojoji, ita ta samu aikin kai ruwa, saboda famfon wurin ya yi aiki ranar buɗewa ya huta.

A ƙofar gidan renon ne, a bara, wata Saje Salihatu da ta zo ɗaukar autarta ta tsaya tana kallonta.

"Maman Hannah, wannan tsayuwar taki ko a fareti sai haka. Ba ki taɓa sha'awar shiga soja ba?"

Fure ta sauke jarka ta ba ta labari, tun daga kofur har zuwa zakara. Saje ta fara dariya, sai kuma ta tsaya. Ta tambayi shekarar. Fure ta faɗa.

"Mai 'yar sanda? Wani gajere mai gashin baki?"

"Shi fa, ranki ya daɗe."

"Ai ni ma ya fitar da ni. Wai wuyana ya cika tsawo."

"To, yaya aka yi aka gyara wuyan?"

"Wane gyara? Zagayawa na yi ta bayan mangwaro na koma layi. Baiwar Allah, layi ne ya yi masa yawa, ga rana. Likita ne mai duba jiki, yana can ciki. Shi wannan aikinsa kawai ya hana turereniya."

Saje ta ɗan dafa Fure, ta ce Allah bai nufa ba ne, ta saɓa 'yarta ta nufi gida. Fure ta bi ta da kallo, da idon da ya sha ganin awo. Kafaɗar Saje ta dama ta fi ta hagu sauka sosai, wurin da igiyar bindiga ta saba zama. Da Kawu ya ɗora katakonsa a nan, da kumfar ta gudu har ƙarshe.

Kawu Irmiya bai ji wannan labari ba. Ya riga ya rasu, kuma har ya bar duniya yana cewa a duk gine-ginen da ya yi a Kontagora babu wanda ya fito daidai kamar Fure. Katakon yana wurinta, a bayan ƙofa. Ba ta sake ɗora shi ba, ba ta kuma jefar ba.

Kafaɗun suna nan daidai har yau. Famfon gidan renon bai gyaru ba, saboda haka gobe ma za ta kai ruwa.