Lallen da Hajiya Ta Kwaɓa

Asabar ta biyu ce a watan Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe. Mu uku ne a gidanmu na Samaru: ni, da mahaifina yana kwance a ɗakinsa, da maƙwabciyarmu da muke kira Hajiya, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata tun kafin a haife ni. An yi ruwa da asuba, tsakar gida ba ta bushe ba. Ina zaune a kujera 'yar tsugunno na gama tsefe kaina, ita kuma tana tsaye tana juya wani ɗan kwali a hannunta.

Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya. Shekara uku da rasuwar Mama mantuwa ta fara cinsa, da farko makullai da sunayen titi, daga baya fuskoki. Na ɗauki hutu daga gidan rediyon da nake aiki a Kaduna na dawo jinyarsa, na tarar ina cikin waɗanda suka ɓace masa. Bai taɓa yi mini rashin kirki ba. In na shiga da kwano zai gyara zama ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Na gode, amma a gida zan ci." Mutum ne da bai iya cin abincin baƙo ba tun yana saurayi, mantuwar kuma ta bar masa wannan. Kwana tara kenan abin da ke shiga cikinsa bai wuce ruwan shayi da cokali biyu na kunu ba. Likita ya ce maganinsa ba a shan sa da yunwa. Agogonsa ya fara zamewa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Ranar Alhamis ɗin makon da la'asar aka maimaita wani shiri da na ɗauka kafin in taho. Rediyon yana kan tagarsa, ina zaune a ƙasa ina yanke masa farce. Da muryata ta fito sai ya ɗaga yatsa. "Ga Uwata nan," ya ce. Ya juyo gare ni. "Kin san ta? 'Yata ce. Gashinta baƙi wuluk, irin na kakarta."

Shekarata arba'in da bakwai a lokacin, furfura ta cinye gaban kaina har bayan kunnuwa. Na lissafa abin a sanyaye, kamar yadda nake jera labarai kafin a shiga ɗakin watsawa: yana neman 'ya mai baƙin gashi, in ya ga baƙin gashi zai gane ta, in ya gane ta zai ci abinci.

Washegari na hau keke zuwa kasuwar Sabon Gari. Mai shagon wata mata ce mai jiki, ta jera kwalayen rini har rufi, kowane da hoton mace tana murmushi. Ta dinga ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana karawa a kumatuna, tana ja da baya tana kanne ido.

"Anti, wannan baƙin zai taurara miki fuska o. Ke fara ce. Ɗauki mai ruwan ƙasa, zai rage miki shekara goma."

"Baƙi nake so."

"Oga ne ya ce?"

"Babana ne."

Ta dube ni, ta sa shi a leda.

Ni mai karanta takarda ce har ƙarshe. Takardar cikin kwalin ta ce a gwada kaɗan a bayan kunne a bar shi ya kwana. Na gwada. Da safe wurin ya kumbura, ya yi ja, yana ƙaiƙayi kamar an shafa ƙaiƙayin gero. Shi ne na leƙa ta katanga na kira Hajiya.

Ta duba bayan kunnen, ta duba kwalin, ta taɓe baki.

"Ki sa wannan a kanki duka, gobe mu yi jinyar mutum biyu? Dama ni ban yarda da shi ba. Mu ko malamanmu ba sa son baƙi wuluk ɗin nan. Lalle za a yi."

"Hajiya, lalle ja yake yi a furfura."

"Ji mini 'yar rediyo, za ta koya wa kaza tono. Ana dafa ganyen shayi ya yi baƙi ƙirin, a zuba kanumfari, sai ya fito duhu. Daga nesa ba mai cewa ba baƙi ba ne. Shekara nawa ina yi wa uwarki?"

Gaskiya ne. Kusan shekara talatin suna yi wa juna: Mama ta yi mata kafin Sallah, ita ta yi wa Mama kafin Kirsimeti, a wannan tsakar gidan, a kan wannan kujerar. Na ji maganar sarai, amma ban tsaya a kanta ba.

Ta shiga gida ta dawo da garin lalle a ƙullin leda, da dafaffen ruwan shayi a kofi, da lemun tsami biyu. Ba ta auna komai ba. Tana kwaɓawa a tsohuwar robar Mama tana ba ni labarin jikarta da ta ƙi karatun likita, hannun yana aikinsa shi kaɗai. Ta raba gashin gida-gida da matsefi, ta fara daga goshi. Lallen yana da sanyi, warinsa irin na ɗanyen ganye bayan ruwa. Rabona da wannan warin tun Kirsimetin ƙarshe na Mama, kuma da ya cika tsakar gidan sai na kama kaina ina sauraron ƙarar silifas ɗinta daga kicin.

Hajiya ta naɗe kan da leda ta ce awa ɗaya. Sai ruwa ya dawo. Ta ruga kwashe shanya, ta ɗora girki, azahar ta yi, ruwan bai tsaya ba. Ni kuma na ɗora faten tsaki da yakuwa, abin da Baba ya fi so, ko da yake na san inda zai ƙare. Sai ƙarfe uku da minti goma ta dawo. Lallen ya yi fiye da awa uku a kaina.

Ta zuba ruwa ina durƙushe a bakin rariya. Buta ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ta ajiye butar, ta miƙo mini tawul.

Madubin da ke gidan guda ɗaya ne, wanda ke jikin kabad ɗin Mama. Na shiga da tawul a wuya. Inda gashin yake baƙi ya zauna baƙi. Inda furfura take, daga goshi zuwa bayan kunnuwa, ya yi ja irin na garwashin da ya kusa mutuwa. Na san wannan jan. Na bi shi a baya zuwa coci kowace Lahadi yana leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalin Mama. Ɗakin yana da duhun hadari, matar da ke cikin madubin kuma ta ɗan karkatar da kai hagu, yadda ban san ina yi ba.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa. Ta yi salati a hankali, ta zauna a bakin gado.

"Hannuna ne, 'yar nan," ta ce. "Ga ruwan shayin can a kofi, ban zuba ba. Lemun tsami na matsa. Wallahi na yi niyyar yi miki naki, hannun bai san wani kwaɓi ba sai nata."

Na tambaye ta ko ana iya gyarawa. Ta ce lalle ba ya fita, sai dai gashi ya tsiro ya ture shi.

Faten ya nuna. Na ɗaura ɗankwali, na ja shi gaba iya yadda zai jawu, na ɗauki kwanon. Da na sunkuya zan ajiye, ɗankwalin ya zame baya.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan fuskarsa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun da na dawo.

"Malama," ya ce. Haka yake kiran Mama. "Kin daɗe. Ina kika shiga?"

Na san abin da ya kamata in faɗa, kuma jimlar tana shirye a bakina: Baba, ni ce, Uwata. Na dubi agogon da ke lilo a hannunsa. Na dubi hannun da ya riga ya miƙa wajen cokali.

"Kasuwa na je, Malam," na ce.

Muryar da ta fito ba wadda nake karanta labarai da ita ba ce. Ta fi ta ƙasa, tana jan ƙarshen magana. Ban koye ta ba, ban kuma neme ta ba.

"Kullum kasuwa," ya ce, yana dariya. Ya ɗanɗana. "Yakuwar ta yi yawa."

Ya cinye kwanon tas, ya sha maganinsa. Yana goge baki ya tambaye ni, "Uwata ta yi waya?"

"Ta yi. Tana gaishe ka."

"Ki ce mata ta rage gudu in tana karanta labaran ƙetare."

Hajiya tana tsaye bayan labule, ta ji komai. Da na fito da kwanon ta karɓa ta juya shi ta ga ba komai a ciki. Ba ta ce an yi daidai ba, ba ta ce an yi kuskure ba. Ta ce furfura takan leƙo daga tushe bayan mako uku, in ta leƙo in kira ta.

Na nemi ƙarin hutu, aka ba ni. Duk Alhamis da la'asar, in an sa tsofaffin shirye-shiryena, muna zama tare mu saurara, yana ɗaga yatsa yana ce mini, "Malama, ji 'yarki." Sau tara Hajiya ta kwaɓa lallen, da lemun tsami, ba shayi. Baba ya ci abinci daga hannuna har ya rasu a watan Maris, bai ƙara kirana Uwata a gabana ba. Bayan jana'iza na bar furfurar ta fito. Jan bai gama barin bakin gashin ba sai da wata damina ta zo ta wuce.